Surukina a Teburin Fiɗa

Tun kuna ƙanana kuke tambayar uwarku abin da ya sa kakanku na Dogo bai taɓa taka ƙofar gidanmu ba, ko ranar suna ko ranar salla. Ita kuma takan ce muku tsufa ne da nisan hanya. To, Dogo ba Makka ba ce, kuma tsohon nan har ya kusa rasuwa yana hawa jakinsa ya ci kasuwa ya komo. Da kuka girma sai kowa ya ƙago nasa labarin. Na ji wanda ya ce rigimar gado ce, na ji wanda ya ce don na yi lakwal, makarantar boko ta Faransawa, ne yake yi mini kallon rabin Nasara. Duk ba haka ba ne. Ni da shi ba mu taɓa sa-in-sa ba. Zan faɗa muku abin da ya faru, ko da yake yanzu ma da nake rubutawa ji nake kamar in ja hula in rufe fuska.

Kakanku Babarbare ne, iyayensa daga Barno suka zo suka zauna a Birni, tsohuwar unguwar cikin ganuwar Damagaram, shi kuma ya tashi yana fataucin kanwa da fatu. Mutum ne dogo, siriri, ba shi da yawan magana, in yana tafiya ba ya waiwaye. Da ya ba ni uwarku bai tambaye ni komai ba, mutunci kawai ya nema, ni kuwa na ba shi har da ƙari. Ku yaran yanzu da kuke zama kujera ɗaya da surukanku kuna kallon ƙwallo ba za ku gane ba. In na hango shi a lungu, sai in cire takalma in tsuguna gefen katanga har ya wuce. In da wata hanya ma, ita nake bi, ko da za ta kai ni har unguwar Zango kafin in isa gida. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, ban san launin ƙwayar idonsa ba. Sunansa kuwa, in an haifi wani mai irinsa a unguwa, sai in laƙaba wa yaron wani sunan. Shi ma haka yake yi mini, bai taɓa ce mini Habu ba, sai dai “mijin yarinyar nan”. Ba ƙiyayya ba ce, ita ce ƙaunar da muka iya.

A lokacin ina aiki a likita, wato asibiti, a ɗakin fiɗa, mutane suna kirana Majo kamar yadda ake kiran manyan ma'aikatan jinya. Aikina shi ne ba da banju, maganin da ke sa mutum barci kafin a sa masa wuƙa. Akwai wani ɗan kwando na waya da muke lulluɓewa da ƙyalle mu kifa a hancin majiyyaci, ina ɗiga masa maganin daga kwalba, yatsana a kan jijiyar wuyansa, idona a kan ƙwayar idonsa. Da zafin Damagaram kuwa, rabin maganin majiyyaci ke shaƙa, rabi ni. Nakan koma gida ina tangaɗi kamar wanda ya kwana a gidan giya, uwarku ta shanya rigata a waje ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da warin nan ba. Ban da haka ni ne tafinta, don lokotorin, wato likitocin Nasara, ba sa jin Hausa sai “sannu” da “gobe”.

Lokotoro biyu muke da su, duka Faransawa. Babban tsohon soja ne, muna ce masa Mai Lofe. Ƙaramin bai daɗe da zuwa ba, ba ya iya tafiya sai sassarfa, shi ya sa muka sa masa Ɗan Sauri. A shekarar da gari ya rikice da zancen ƙuri'a, ana ta cewa Faransawa za su naɗe tabarmarsu, su waɗannan biyun tasu gardamar daban ce. Ɗan Sauri ya zo da wata doguwar allura da ake sokawa a gadon baya, sai jiki ya mutu daga cibiya zuwa ƙafa, mutum yana farke, yana ji yana gani, ana aiki a cikinsa ba ya jin zafi. Ya ce banju yana sa amai, yana cika ƙirji da majina, ga shi sai kamyo, babbar motar kaya, ya ɗauko shi daga nesa, kafin ya iso zafi ya shanye na shanyewa. Mai Lofe ya ce allurar tana kayar da bugun jini farat ɗaya, tana barin mutum da ciwon kai na kwanaki, kuma shi a ganinsa rashin tausayi ne a bar ɗan Adam ya zama shaida a wurin yankansa. Kullum in an tashi aiki sai su zauna a baranda su yi ta yi, mu muna wanke kaya muna saurare. Da abin ya ishe su sai suka yi yarjejeniya: duk mai gwaiwa da aka kawo, ɗaya a ba shi banju, na bayansa a yi masa allura, haka bi da bi, ba zaɓe, ba alfarma. In an tara da yawa sai a duba wanne ya fi. Ni har na yaba wa dabarar, don na ga adalci a cikinta.

Wata safiya cikin bazara, ina tafasa allurai, sai ga kawunku Bukar, wan uwarku, a bakin ƙofa, ba hula a kansa.

“Majo, fito. Baba ne.”

“Me ya same shi?”

Ya dubi ƙasa. “Abin nan ne... na maza. Ya sauka tun shekaranjiya, ya ƙi komawa. Sai amai yake.”

Ashe tsohon ya shekara da shekaru da gwaiwa, yana ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin babbar riga, ko 'ya'yansa ba su sani ba. Kun san yadda garin nan ke mai da wannan ciwon abin dariya. Yanzu hanji ya sauka ya shaƙe, in ba a buɗe ba kafin la'asar sai dai a kai shi makwanci. Na leƙa ta taga na hango shi kwance a kan gadon kara da aka ɗauko shi, ya ja rawani ya rufe fuska. Ba ciwon kaɗai ne ya dame ni ba. Abokin aikina da muke canji da shi ya bi masu lambar rigakafi ƙauyuka, ba zai dawo ba sai bayan mako. Ba wani mai tsayawa a kan majiyyaci a duk faɗin likitar sai ni. Kuma na san wanda aka yi wa aiki jiya banju aka ba shi.

Na tarar da lokotorin biyu suna wanke hannu. Na yi musu magana da Faransanci.

“Lokotoro, ina roƙon alfarma. Wannan a ba shi banju.”

Ɗan Sauri ya ce, “Layin allura ne. Me ya sa?”

“Uban matata ne.”

“To, ai sai ka ji daɗi, zai ga ɗansa a kansa, hankalinsa ya kwanta.”

Na rasa ta inda zan fara. Na ce masa a wurinmu suruki ba ya ganin surukinsa ko da kai ba hula, balle haka. Na ce in yana barci, ba zai taɓa sanin wanda ya tsaya a kansa ba, in ya farka sai a ce masa wani ne. Mai Lofe ya cire lofen daga baki ya ce yaron nan ya fi su gaskiya, a bar tsoho ya yi barcinsa. Sai Ɗan Sauri ya juyo, ba da faɗa ba, ya ce mini:

“Habu, in muka fara zaɓe yau, duk abin da muka tara ya zama banza. Amma bar wannan. Cikinsa cike yake, kwana biyu ba abin da ya wuce. Ka kifa masa kwandon nan, ya yi amai yana barci, ya shaƙe a hannunka. Kana so?”

Mai Lofe ya mayar da lofensa baki. Ni ma na san gaskiya ce, don na taɓa ganin irinta. Gaba kura, baya sayaki. Na je na ɗaure ƙyallen fuska har ƙarƙashin ido, na ja hular aiki har gira, ina ce wa raina wataƙila ba zai gane ni ba.

Wauta ce kawai. Da aka kwantar da shi aka cire masa riga, Ɗan Sauri ya ce in tambaye shi yaushe rabonsa da bayan gida, kuma ko iska tana fita. Ya Rabbi! Na tsaya kamar an dasa ni. Ya maimaita. Na shaƙe murya na yi tambayar, ina kallon bango. Na zaci tsohon bai ji ba. Can sai ya juya kai wajen ɗaya bangon ya ce:

“A faɗa wa Nasara, tun ran Laraba.”

Bai ce “ka faɗa” ba, “a faɗa” ya ce. Nan na san ya gane muryata. Daga nan haka muka yi ta yi, ni ina tambayar bango, shi yana ba bango amsa. Ni na tanƙwara shi na riƙe kafaɗunsa aka soka allurar. Ni na tambaye shi ko yana jin tsini a nan, ko a nan, har inda ba a faɗa. Aka kafa ƙyalle tsakanin ƙirjinsa da inda ake aikin, na zauna a wajen kansa, na ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa. A ranar ne fatata ta fara taɓa tasa. Yana ta salati a hankali, idonsa a rufe, ni kuma zufa tana bin bayana.

An buɗe, an saki hanjin, Ɗan Sauri har ya fara cewa Mai Lofe ya zo ya gani, hanjin bai mutu ba. Sai na ji jijiyar da ke ƙarƙashin yatsana tana ja da baya, tana sirancewa. Salatin ya tsaya. Na dubi fuskarsa, dole, na ga leɓensa ya yi fari, goshinsa ya jiƙe. Kafin in buɗe baki sai amai ya taso masa, ya cika baki, ba ya ko yunƙurin tofarwa. Na yi ihu. Mai Lofe ya zaburo ya ɗaga ƙafafun tebur, ya soka masa allurar tayar da jini. Ni kuma na kama kan surukina da hannu biyu na murɗa shi gefe, na cusa yatsuna cikin bakinsa ina kwashe abin da ke ciki, na kama gemunsa na ja haɓar sama don iska ta samu hanya.

Mai Lofe ya ce, “Yi masa magana! Kada ka bar shi ya tafi!”

Na ce, “Baba. Baba!”

Ko gezau.

“Sunansa! Kira sunansa, ka mare shi!”

An ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Ban san lokacin da na fizge ƙyallen fuskata ba. Na ɗaga hannun nan nawa na dama na sharara masa mari, na kuma, na sa baki a kunnensa na kwarara kira kamar ina kiran yaron da ya ɓata a kasuwa:

“Kyari! Kyari! Buɗe ido!”

Ya ja wani dogon numfashi mai gurnani, ya yi tari, ya buɗe ido. Fuskata tana dab da tasa, yatsuna a bakinsa, gemunsa a hannuna. Ya dube ni, na dube shi. Hawaye na bin gefen idonsa, ya kira uwarsa da Barbarci kamar ƙaramin yaro. Sannan na ga hankalinsa ya komo, na ga lokacin da ya tuna ko ni wane ne. Ya mayar da idon ya rufe. Jijiyar ta dawo tana bugawa da ƙarfi a ƙarƙashin yatsana, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da la'asar lokotorin suna baranda. Ɗan Sauri ya ce wannan nasarar allura ce, da banju ne da an yi jana'iza. Mai Lofe ya ce wannan shi ne ainihin abin da yake faɗa, saura ƙiris allurar ta kashe mutum. Kowannensu ya sa tsohon a nasa lissafin. Suka kira ni suka yaba mini, Mai Lofe har da dafa kafaɗa. Na ce na gode, na zagaya bayan ɗakin wanki na zauna a ƙasa. Ba na riƙe da kowa a cikinsu. Har gobe ina cewa Ɗan Sauri ya yi daidai, kuma da za a mayar da ni ranar, abin da na yi shi zan sake yi. Sai dai sanin ka yi daidai ba ya hana ka jin kunya, na gwada shekara da shekaru.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Akwai masu shara, akwai masu ɗaukar majiyyata, ga taga a buɗe saboda zafi. Kafin tsohon ya fara zama, labari ya zaga Birni ya fita Zango, kuma bai zaga da kyau ba. Ba wanda ya ce na ceci rai. Cewa ake mijin Falmata, wato uwarku, ya kama gemun surukinsa ya mare shi, ya kira shi gatsal a gaban Nasara, shi kuwa tsirara. Ciwon da ya ɓoye shekaru ya zama abin hira a bakin rijiya. Inna, mahaifiyata, ta aiko a kira ni. Na tarar da ita tana kaɗi, ba ta ko ɗago ba.

“Habu, gaskiya ne abin da nake ji?”

“Inna, mutuwa zai yi.”

“Ban tambaye ka wannan ba. Ka kira sunansa?”

“Na kira.”

Ta ajiye mazarin. “Wane nono ka sha? Duk garin nan a rasa mai marin dattijo sai ɗan da na haifa? Da wane ido zan gaida matarsa?”

Na ce mata ba kowa sai ni. Ta ce ita ba ta san wannan ba, aikin Nasara ne na ɗauko, ga shi ya kai ni inda ya kai ni. Ta yi kuka, ta kuma sa mini albarka, duka a zama ɗaya, don haka take.

Uwarku kuwa ta ci gaba da hidimarta. Tana da cikin babbanku a lokacin. Kullum takan dama kunu ta kai likita, ni kuma in na san tana ɗakin da yake, sai in bi ta bayan gini. Kwana goma sha wani abu da ya yi a kwance ban ƙara shiga inda yake ba, wani nake aikawa ya duba ɗinkin ya zo ya faɗa mini. Da aka sallame shi ya koma gida, bai fita masallacin unguwa ba, bai koma rumfarsa ba. Damina na faɗuwa ya bar wa Bukar gidan da fataucin, ya tattara ya koma gonarsa ta Dogo, mutumin da aka haifa a cikin ganuwa. Ranar da ya tafi, uwarku ta dawo daga rakiya ta zauna a bakin gado, sannan ta ce:

“Malam, na gode. Ka bar mini ubana da rai.”

Na ce Allah ne.

Ta ce, “Amma ka raba ni da shi.”

Ba da zafi ta faɗa ba, kuma ba ta sake faɗa ba har ta koma ga Allah. Ni dai maganar ta zauna mini.

Na yi ƙoƙari. Na aika da goro ta hannun limamin unguwarsu, a ba shi haƙuri. Ya amsa goron ya ce a faɗa wa mijin yarinyar nan bai yi laifi ba, Allah ya yi masa albarka. Shi ke nan. Ai da laifi ne da sauƙi, sai a yafe a wuce. Duk kaka yakan aiko mana da damman hatsi, ni kuma duk salla ina aika masa da turmin yadi da sukari. Uwarku takan kai ku ku yi kwanaki, kun san yadda yake ɗora ku a cinya. In na rako ku, a bakin gari nake tsayawa ƙarƙashin wata tsamiya har wani daga gidan ya zo ya karɓe ku. Sau ɗaya na hango shi daga nesa yana tahowa daga gona da hauya a kafaɗa. Shi ma ya hango ni. Na tsuguna, shi kuma ya saki hanya ya bi ta cikin gero.

Faransawa suka tafi, aka ɗaga tutarmu. Mai Lofe ya koma ƙasarsu, Ɗan Sauri ya bi bayansa, ban taɓa jin yadda gardamarsu ta ƙare ba. Ni na ci gaba da yin duka biyun, wanda allura ta dace da shi in yi masa, wanda banju ya dace da shi in ba shi. Abu ɗaya na ƙara da aka ba ni yara ina koya musu: kafin a shigo da majiyyaci, nakan tambayi wanda zai tsaya a kansa ko akwai kunya tsakaninsu. In akwai, ni nake karɓa.

Kakanku ya yi shekara goma sha wani abu a Dogo. Wata safiya ina shirin fita aiki sai ga Bukar, wanda ke jinyarsa a can, ƙafafunsa duk ƙura. Ya ce Baba ya cika da asuba. Uwarku ta fasa kuka. Na ce to bari in nemo mota in kai su, ni in tsaya wajen gari har a fito da shi in bi sahu a sallace shi.

Bukar ya ce, “A'a, Majo. Kai ake jira. Ba a taɓa shi ba.”

Da muka isa, ƙofar gidan cike da mutane, ga liman da dattawan gari zaune, ga ruwa an ɗebo. Duk suka juyo suna dubana. Liman ya ce shi dai bai taɓa ganin inda suruki ya yi wannan aiki ba, ga ɗa ga 'yan'uwa. Bukar ya ce wasiyya ce, a gaban mutum biyu ya bar ta, kuma ya maimaita ta yadda ya ji:

“Mijin yarinyar nan zai wanke ni. Shi ya riga ya gani. Kada a ƙara wani.”

Na cire takalma a bakin zaure na shiga gidan da ban taɓa shiga ba. Yana kwance a kan tabarma, an rufe shi da farin zane, ya ƙanƙance. Bukar ya tsuguna da buta ya juya kai gefe, yana zuba mini ruwa. Na naɗe hannuna da tsumma na yi bisimilla. Har yau ban san ko yafiya ce ya yi mini ba, ko kuwa tattalin abin da ya rage masa ne, kuma ba wanda zan tambaya. Na wanke shi tsaf, dama kafin hagu, yadda aka koya mana. Da na zo kan fuskarsa sai na sunkuyar da kai, na wanke ta da lalube.